Zinare da Tsagar Ƙasa: Binciken Ibrahim Garba da Amfaninsa ga Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun binciken Farfesa Ibrahim Garba kan asalin zinare a arewa maso yammacin Nijeriya, ta kuma auna abin da ra'insa zai iya faɗa game da duwatsun Batsari da Safana. Matsayinta shi ne: babbar gudummawarsa ita ce karkatar da ido daga nau'in dutse zuwa tsagogin da suka ratsa shi.

Gabatarwa

Tun a 1911 J. D. Falconer ya raba giranayit ɗin Arewa gida biyu, tsoho da sabo. Riruwai ta Jihar Kano, garin kuza inda aka haifi Garba a 1957, tana kan sabon ne. Batsari da Safana kuwa suna kan tsohuwar shimfiɗar duwatsu wadda gagarumin motsin ƙasa ya murɗa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Truswell da Cope (1963), McCurry (1976) da Turner (1983) sun fayyace zirin duwatsu masu falle-falle na Anka, Maru, Zuru da Kushaka. Sun nuna inda kowane dutse yake. Tambayar da Garba ya ɗauka ita ce yadda zinare ya shige su.

Tsaga da jijiya

A Bin Yauri ya kafa hujjarsa. Shi da S. O. Akande (1992) sun duba ƙananan ɗigon ruwa da iska da suka maƙale cikin jijiyar farar ƙanƙara mai zinare tun lokacin da ta daskare, suka tarar iskar kabon ta yi musu yawa. A rubuce-rubucensa na 2000 da 2003 Garba ya faɗaɗa bayanin: zafi da matsi a can ƙarƙashi ne suka tatso ruwa daga duwatsun da ke rikiɗa, ruwan ya narkar da zinare, ya hauro ta manyan tsagogi irin na Anka da Kalangai, sannan ya zube shi a ƙananan rassansu. Shi ya sa ake samun jijiya mai zinare cikin duwatsu mabambanta. Mai haƙa da ke cewa "jijiya ta ɓace" ko "ta dawo" tsagar nan yake bi, ko da bai taɓa ganin taswira ba.

Wannan bayani ba zinare kaɗai ya shafa ba. Ruwan da ya kawo shi yakan zo da ma'adinan dalma a wasu wurare. A 2010, niƙa irin wannan dutse a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A ganina, nan ne ilimin sinadaran duwatsu ya fi zama wajibi, domin awon da ke nuna arziki shi ne ke nuna guba.

Baya ga zinare, Garba ya kuma nuna cewa fegmatayit mai ɗauke da tantalayit bai tsaya a zirin da ya miƙe daga Jos zuwa Ibadan ba, har Kushaka ya kai, kuma awon fotashiyam da rubidiyam na taimakawa wajen bambance mai albarka da fanko.

Tasiri

Garba ya jagoranci ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya a farkon kafuwarsa, ya shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, sannan Jami'ar Ahmadu Bello daga 2015 zuwa 2020. Muƙaman sun fi binciken suna a bakin jama'a.

Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin biyu suna gabas da Anka, arewa da Kushaka, a kan shimfiɗa ɗaya da su. Wannan bai isa a ce akwai zinare a garuruwansu irin Ruma ko Runka ba; abin da ra'in ya bayar shi ne hanyar gwaji. A fara zana layukan tsaga daga hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan maganaɗisu na Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, a ɗebi yashin rafuka inda layukan suka haɗu, a auna zinare da dalma a samfuri guda. Taswirar za ta yi wa masu rijiyar burtsatse amfani ma, tunda a irin wannan dutse ruwa a tsaga da ruɓaɓɓen dutse yake taruwa.

Matsalar ita ce mataki na biyu sai an taka ƙasa, ga shi rashin tsaro a dajin Rugu ya daɗe yana hana shiga. Don haka nake ba da shawarar a kammala aikin taswira tukuna, a fara ɗibar samfuri daga rijiyoyi da rafukan da ke kusa da garuruwan Batsari da Safana, inda yara ke shan ruwan.