Tarihin Ɗamarar Azurfa ta Ƙabilar Nabaho

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, maƙerin fari daga Damagaram, ya ce ya ga hoton wata ɗamarar azurfa ta ƙabilar Nabaho. Yana son jin tarihinta da yadda ake ƙera ta.

AMSA: To Malam, su dai Nabaho suna cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka, kuma suna zaune ne a jihohin Arizona da Sabuwar Meziko da Yuta. Ba su gaji ƙira ba, a wurin maƙeran Meziko suka koya. Wanda aka fi ambata a matsayin maƙerinsu na farko shi ne Atsidi Sani, ma'ana Tsohon Maƙeri.

A 1864 sojojin Amurka suka kora dubbansu a ƙasa zuwa wani sansani da ake kira Boske Redondo, inda yunwa da cuta suka kashe da yawa. Sai a 1868 aka ƙulla yarjejeniya suka koma gida. Daga nan ne ƙirar azurfa ta kankama.

Kuɗin azurfa suke narkarwa, dalar Amurka da feso na Meziko. Maƙeri zai hura gawayi da zuga-zugin fatar akuya, ya zuba narkakkiyar azurfa ta daskare, sannan ya yi ta bugu yana mayarwa wuta har ta zama faifai kamar tafin hannu. Ana kiran faifan konco, daga kalmar Sifaniyanci mai nufin ƙwaryar dodon koɗi. Ado kuwa da magagari da kurfi ake yin sa.

A ɗamarun farko, tsakiyar kowane faifai akwai huda inda ake zura fata, don ba su ƙware a liƙin ƙarfe ba tukuna. Da suka ƙware sai suka riƙa liƙa hannun jan ƙarfe a baya, suka rufe tsakiyar, daga bisani suka dasa shuɗin dutsen nan da Larabawa ke kira fairuz. Da wannan huda, da nauyi, da sawun guduma ake gane tsohuwar ƙira.

Ɗamarar ba ado ce kawai ba, asusu ce. A da, in rani ya matsa, mutum kan kai ta jingina kantin ɗan kasuwa ya karɓi gari da sukari, ya fanso ta in ya sayar da gashin tumakinsa. Wadda aka kasa fansa sai a sayar. Ta haka da yawa daga cikin tsofaffin suka bar hannun masu su, suka faɗa gidajen tarihi da hannun attajirai.

Saboda yawan jabu, a 1990 Amurka ta kafa doka mai hukunta duk wanda ya sayar da kaya da sunan ƙirar waɗannan ƙabilu alhali ba tasu ba ce. Da fatan mai tambaya ya gamsu.