Daga Kora Zuwa Sulhu: Tarihin Horon Ɗalibai a Makarantun Amurka

Dakatar da ɗalibi ko korarsa tsohon hukunci ne a makarantun boko, sai dai a Amurka ya ƙara yawaita daga shekarun 1970, lokacin da jihohi suka riƙa haramta bulala ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1975 Kotun Ƙolin ƙasar ta duba ƙarar wasu ɗalibai daga jihar Ohio waɗanda aka dakatar ba tare da an saurare su ba, ta yanke hukuncin cewa wajibi ne a sanar da yaro laifinsa, a kuma ji ta bakinsa kafin a sallame shi gida. Hukuncin ya gyara hanyar dakatarwa, amma bai rage ta ba.

Al'amarin ya tsananta a 1994, sa'ad da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta tilasta wa duk jihar da ke karɓar kuɗin ilimi daga gwamnatin tarayya ta kori ɗalibin da ya shiga makaranta da bindiga har na shekara guda. Daga nan hukumomin makarantu suka faɗaɗa wannan manufa ta ba sani ba sabo, ta haɗa da faɗa da rashin kunya da ƙin bin umarnin malami.

Illar hakan ta fito fili a wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya bi diddigin ɗalibai kusan miliyan ɗaya a jihar Tekzas. An gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 an taɓa dakatar da su ko korarsu tsakanin aji 7 da aji 12, alhali kashi 3 kacal na hukunce-hukuncen ne doka ta wajabta. Sauran duk ganin damar hukumar makaranta ne. Waɗanda aka dakatar sun fi maimaita aji, sun fi barin karatu, sun fi faɗawa hannun kotun yara, kuma abin ya fi shafar ƴaƴan baƙar fata.

Mafitar da aka fi rungumar ta ba a Amurka ta samo asali ba. A 1989 ƙasar Niyu Zilan ta kafa dokar da ta shigar da zaman dangi cikin shari'ar yara masu laifi, bisa koyi da al'adar ƙabilar Maori, inda mai laifi da wanda aka cuta da danginsu suke zama su tattauna yadda za a gyara ɓarna. A 1994 wata jami'ar ba ɗalibai shawara mai suna Margaret Thorsborne ta gwada irin wannan zama a wata sakandare da ke jihar Queensland ta Ostareliya, bayan an yi wa wani ɗalibi duka. Tambayoyin da ake yi a zaman su ne ginshiƙin tsarin: me ya faru, wa aka cuta, me za a yi a gyara? Yaro na iya biyan abin da ya lalata, ko ya nemi gafara, ko ya yi wa makaranta wani aiki, amma ba ya barin aji.

Birnin Oakland na jihar Kalifoniya ya gwada tsarin a wata makaranta wajen 2007, daga baya ya faɗaɗa shi. A 2013 hukumar makarantun Los Anjelis ta haramta dakatar da ɗalibi saboda taurin kai kawai. A Janairun 2014 gwamnatin Shugaba Obama ta shawarci makarantu su rage kora, amma gwamnatin Shugaba Trump ta janye shawarar a Disamban 2018.

A wannan shekarar ce cibiyar RAND ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a makarantu 44 na birnin Pittsburgh. Dakatarwa ta ragu a makarantun da suka bi hanyar sulhu, malamai kuma suka ce zaman makaranta ya inganta, amma sakamakon jarrabawar ɗaliban aji 6 zuwa 8 ya ja baya.

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wannan shi ne hujjar masu goyon bayan sulhu. Sai dai tarihin ya nuna cewa jinya ta fi yankewa wuya. Takardar kora ana rubuta ta cikin ƴan mintoci. Sulhu kuwa yana bukatar malamin da aka horar, da lokacin zama, da iyayen da za su amsa kira. Inda aka hana kora ba a tanadi waɗannan ba, malami ne ake bari da ajin da ya gagare shi, sauran ɗalibai kuma su ne ke asarar darasi.