Tsutsar Da Ke Haifar 'Ya'yanta Cikin Riga

Mai karatu, duk wanda ya taɓa ganin mai tundurmi yana jan ƙafa kamar turmi, da wuya ya yarda cewa wata tsutsa mai kaurin zare ce ta yi masa wannan aika-aika. 'Ya'yan tsutsar ma likitoci suka fara gani, sai bayan shekara 13 aka ga uwar.

A 1863 ne Jean-Nicolas Demarquay, wani likitan fiɗa a birnin Faris, ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi cikin ruwan gwaiwar wani mutumin Kuba. Otto Wucherer ya gan su cikin fitsari a Birazil a 1866, Timothy Lewis kuma cikin jini a Kalkata ta Indiya a 1872. Ko'ina dai 'ya'ya ne masu rai. To daga ina suke fitowa?

Amsar ta fara bayyana ne a 1876, da Joseph Bancroft ya ciro baligar macen daga wani ƙurji a Birisben ta Ostiraliya. Ashe a cikinta take renon ƙwanta. A ƙuryar mahaifarta ƙwayaye ne zalla. Idan aka matso gaba, sai a ga ɗan tayi a nannaɗe cikin tantanin ƙwai. Kafin ya iso mafita ya warware, tantanin kuma ya miƙe tare da shi ya zame masa riga. Wato ba ya fasa ƙwan, a cikinsa ake haifarsa.

A 1877 Patrick Manson, yana aiki a Amoy ta ƙasar Sin, ya bar sauro ya ciji mai kula da lambunsa, wanda ke da tsutsar a jini, sannan ya feɗe sauron. A cikin sauro ne ɗan ke tuɓe rigar ya ci gaba da girma.

Wannan haihuwa ita ce matsalar har yau. Uwar kan rayu shekara 6 zuwa 8 tana zuba miliyoyin 'ya'ya. Magungunan da ake rabawa a ƙauyukanmu sun fi kashe 'ya'yan, shi ya sa ake maimaita sha duk shekara har aƙalla sau 5. Wanda ya daina a tsakiya ya bar uwar da sauran haihuwa, sauro kuma zai kai wa maƙwabcinsa.