3.2 Dabarun Sojan Ruwan Ingila Wajen Riƙe Gaɓar Afirka ta Yamma

A wannan sashe an duba hanyoyin da Ingila ta bi domin ta dawwamar da ƙarfinta a gaɓar da take nesa da gida, da kuma yadda abin ya shafi Hausawa.

Hanya ta farko ita ce sintiri. A 1808 Ingila ta turo jiragen yaƙi domin tare masu fataucin bayi. Sai dai jirgi ba ya zama a teku har abada. Dole ya koma gida neman gyara da guzuri, ga kuma zazzaɓi yana ta kashe matuƙa.

Wannan ya kawo hanya ta biyu, wato kafa sansani kusa da wurin aiki. An yi amfani da Firitawun ta Saliyo, aka ƙara da tsibirin Fanando Po a 1827. Bayan jiragen sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851, sai Ingila ta mallake ta a 1861.

Amma sansani bai magance cuta ba. A tafiyar Kogin Kwara ta 1841 Turawa fiye da 40 suka mutu. Sai a 1854 Dakta Baikie ya shiga kogin da maganin kwinin, ya fito ba a rasa Bature ko ɗaya ba.

Hanya ta uku ita ta fi arha, wato ɗaukar 'yan ƙasa aikin soja. A 1863 Glover, hafsan sojan ruwa, ya tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya ba su bindiga. Waɗannan ba sa bukatar a mayar da su Ingila hutu, kuma suna kai wa inda jirgi ba ya zuwa.

A kan wannan tsari aka gina rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Daga nan ƙasashen Zamfara, irin su Mafara da Bakura da Maradun, suka shiga hannun Turawa. Ke nan mutanen da ba su taɓa ganin teku ba, shawarar da aka yanke a bakin teku ce ta riske su har gida, kuma da ɗan gari aka ci gari.