BABI NA BIYU: ASALI DA MA'ANAR KALMAR "DEMO"

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin kalmar "demo" a fannoni uku, wato waƙa da manhajar kwamfuta da wasannin bidiyo. Mutane da yawa sun ɗauka demo aiki ne da ba a kammala ba. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa wannan fahimta ta gaza, domin ma'anar kalmar ta dogara ne ga wanda aka yi aikin don a nuna masa.

2.1 Asalin Kalmar

Kalmar demo gutsure ce daga kalmar Ingilishi "demonstration", wadda ta samo asali daga Latin, ma'anarta kuwa ita ce nuna abu a fili. A Hausa akwai kalmomi masu kusanci da ita, kamar gwaji da samfur da ɗanɗano, amma kowace ɗaya ɓangare guda kawai ta ɗauka, kamar yadda za a gani nan gaba.

2.2 Demo a Fagen Waƙa

A farkon ƙarni na 20, kamfanonin buga takardun waƙa na birnin Niyok sukan ɗauki makaɗan fiyano domin su riƙa kaɗa sababbin waƙoƙi a gaban masu saye. George Gershwin ya fara wannan aiki a 1914 yana ɗan shekara 15. A wancan zamani ke nan, mutum ne da kansa yake yin nunin.

Da aka samu na'urar yanka faifai nan take, sai nunin ya koma cikin faifai. A 1953 Elvis Presley ya biya kimanin dala 4 a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips da ke Memfis, aka ɗauki waƙoƙinsa biyu. Shekara guda bayan haka kamfanin Sun na Phillips ya fitar da faifansa na farko. Haka kuma, ranar 1 ga Janairun 1962 ƙungiyar Beatles ta rera waƙoƙi 15 a gaban ma'aikatan kamfanin Decca a Landan, kamfanin ya ƙi ɗaukarsu. Manajansu Brian Epstein ya ci gaba da yawo da wannan sauti har ya kai ga George Martin na Parlophone, wanda ya fitar da faifansu na farko a watan Oktoba na shekarar. A nan demo gwaji ne, ana kai shi ga mai iko domin ya yanke hukunci, kuma mai ikon yana iya kuskure.

Fitowar kaset daga kamfanin Philips a 1963, da rikodar gida mai layi huɗu ta Tascam a 1979, sun sa mawaƙi na iya yin demo a ɗakinsa. Da irin wannan rikoda Bruce Springsteen ya ɗauki wasu waƙoƙi a gidansa a farkon 1982, da niyyar ya koya wa makaɗansa. Da aka sake ɗaukarsu a situdiyo sai ya ga ba su kai na gida armashi ba, don haka ya fitar da na gidan a kundin Nebraska. Wannan ya nuna cewa abin da aka kira demo yana iya zama shi ne cikakken aikin.

2.3 Demo a Fagen Manhaja

A fagen kwamfuta, demo ya fara ne da nuni a gaban jama'a. Ranar 9 ga Disamban 1968, Douglas Engelbart ya shafe minti 90 a San Faransisko yana nuna wa mutane kusan 1,000 linzamin kwamfuta da gyaran rubutu a kan allo da ganawa ta bidiyo. Ba sayarwa ya zo yi ba, manufarsa ita ce a yarda cewa abin mai yiwuwa ne.

Ma'anar ta sauya bayan da kwamfuta ta shiga gidajen mutane. A 1982 Andrew Fluegelman da Jim Knopf, kowanne da manhajarsa, suka fara raba ta kyauta, suna roƙon wanda ya amfana ya aiko da kuɗi. Daga baya kamfanoni suka riƙa fitar da manhajar da aka rage wa aiki, ko wadda take daina aiki bayan wasu kwanaki. Wannan shi ya yi daidai da ɗanɗanon da mai kilishi yake miƙa wa mai ciniki, wato hukunci ya bar hannun kamfani ya koma hannun mai saye.

2.4 Demo a Wasannin Bidiyo

Tarihin kamfanin id Software ya haɗa ma'anonin biyu. A 1990 John Carmack da John Romero da Tom Hall suka kwaikwayi wasan Super Mario Bros. 3 a kan kwamfuta, suka aika wa kamfanin Nintendo. Kamfanin bai amince ba, kamar dai yadda Decca ya yi wa Beatles. Sai suka yi amfani da fasahar wajen ƙirƙiro nasu wasan, Commander Keen, wanda kamfanin Apogee ya fitar a Disamban 1990 bisa tsarin ba da kashin farko kyauta a sayar da sauran. Da wannan tsari suka saki Doom ranar 10 ga Disamban 1993, kashi ɗaya daga cikin uku kyauta. 'Yan wasa da kansu suka riƙa kwafa suna yaɗawa, ba tare da an jira amincewar wani babban kamfani ba.

Akwai kuma ma'ana ta uku da ta taso a Turai cikin shekarun 1980. Matasan da ke fasa kariyar wasannin kwamfutar Commodore 64 sukan liƙa ɗan hoto mai motsi da kiɗa a farkon wasan domin a san aikinsu ne. Sannu a hankali waɗannan hotuna suka rabu da wasannin suka tsaya da ƙafarsu, ana kiransu demo, har ana gasa a kansu, kamar taron Assembly da aka fara a Finlan a 1992. Irin wannan demo ba samfurin wata haja ba ne, gwaninta ce ake nuna wa abokan sana'a. A 2020 Finlan ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adunta na gado, Jamus ta bi sahu a 2021.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa demo yana da fuska uku: gwajin da ake kai wa mai iko, da ɗanɗanon da ake ba mai saye, da nunin gwaninta tsakanin masu sana'a ɗaya. Saboda haka, duk mai fassara kalmar zuwa Hausa ya kamata ya fara tambayar wa aka yi wa nunin kafin ya zaɓi kalma. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, sai dai labarin Decca da Nintendo ya nuna cewa ganewar tana buƙatar mai ido.