Tarihin Rini a Ƙasar Kano da Yadda A Ke Koyonsa

A cikin sana'o'in hannu na ƙasar Hausa babu wadda ta kai sunan Kano nesa kamar rini. Tun kafin a san jirgin ƙasa ko mota, baƙin zane da rawani na Kano sun ƙetare Hamada a bayan raƙuma, har mutanen da ba su taɓa ganin Dala da ido ba sun san garin ta wurin tufafinsa. Abin da ya kawo wannan ɗaukaka kuwa ba yawan baba kaɗai ba ne, domin baba yana fitowa a ƙasashe da yawa. Wata dabara ce ta gina ramin rini, da kuma haƙurin da marina su ke koya wa 'ya'yansu tun suna ƙanana.

Rini tsohuwar sana'a ce a Kano. Masu marinar Ƙofar Mata suna cewa an kafa tasu a shekarar 1498, watau a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma rinin farko ba a rami a ke yinsa ba. A cikin manyan tukwane na yumɓu a ke haɗa shi, wani lokaci a binne tukunyar a ƙasa. Tukunya kuwa kome girmanta tana da iyaka, ga ta da saurin tsagewa, in ta fashe kuma baba da toka da wahalar kwanaki duk sun bi ƙasa.

Daga baya marina suka gano laso. Akwai wani laka da ke kwantawa a gindin ramin rini idan baban ya ƙare aiki. Shi a ke kwashewa a shanya, a ƙone, ya zama abin da a ke kira katsi. Sai a kwaɓa katsin nan da ruwan dafara mai yauƙi da gashin dabba, a shafe cikin rami da shi, in ya bushe ya yi tauri, ruwa ba ya ratsa shi. Da wannan aka sami karofi mai zurfin gaba biyu ko fiye, wanda ya ke cin kayan da tukwane da yawa ba za su ci ba, ya kuma daɗe shekara da shekaru har jika ya gaji ramin kakansa. Filib Shea, malamin tarihi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya bi diddigin wannan al'amari, ya nuna cewa laso ne ya rage tsadar rini, har Kano ta fi maƙwabtanta arha da kyawun aiki. Abin sha'awa a nan shi ne, dattin rami shi ne ya zama kayan gina wani ramin, ba abin da a ke zubarwa.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, yawancin ƙasashen Hausa suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, hanyoyin fatauci suka buɗe. Masaƙa da marina daga wurare dabam dabam suka yi ƙaura zuwa ƙasar Kano, musamman garuruwan kudu da birni. Kura ta yi fice ƙwarai, har a ke kiran wani irin baƙin rawani mai walƙiya ɗan Kura. Ba za a ɓoye ba kuma, wani kaso mai yawa na auduga da baban da aka yi wannan arziki da su, bayi ne suka noma su a rinjin sarakuna da attajirai.

Baƙin da suka zo daga Turai sun ga abin da idonsu. Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya, ya sauka Kano a 1824, ya rubuta cewa garin ya shahara da rini. A 1851 kuma Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo ya ƙididdige cinikin. Ya ce tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma. A lissafinsa, abin da a ke kaiwa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara, kuɗinsu wuri miliyan 60. Manyan masu saye su ne Buzaye, waɗanda ba su yarda da kowane baƙi ba sai turkuɗi, wanda shuninsa ke zuba a jikin mai sanye da shi. Abin da wani zai kira aibi, su a wurinsu shi ne ado.

To, yaya yaro ya ke koyon wannan sana'a? Ba a fara ba shi zane ya tsoma. Aikinsa na farko ɗiban ruwa ne, da tankaɗe toka, da kwashe katsi, da shanya. Yana wannan yana kallon yadda a ke haɗa rami: a cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi, a zuba busasshen baba, a rufe da murfi na saƙa, a bar shi kwanaki, wani lokaci mako guda ko fiye, gwargwadon zafin gari ko sanyinsa. Sa'an nan a riƙa motsa shi da doguwar muciya safe da yamma har kumfa mai shuɗi ta taso. Gwanin marini ya kan san rami ya nuna ta wurin launin kumfa da warinsa, wani ma har ya ɗanɗana ruwan a harshe ya ji ko toka ta yi yawa ko ta kasa. Wannan sani ba a faɗarsa da baki ya shiga, sai yaro ya shekara yana shaƙar warin.

Masana kimiyya sun bayyana dalilin wannan jira. Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani su ke rayuwa cikin ruwan tokar, su cinye iskar da ke ciki, sa'an nan shuɗin ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa idan aka fito da zane daga karofi ba shuɗi ya ke fitowa ba, kore-kore ya ke, sai ya sha iska ya juye ya zama shuɗi a gaban mai kallo. Marinan dā ba su san sunan halittun nan ba, amma sun san rami abu ne mai rai, yana gajiya, yana mutuwa, sanyi kuma yana sa shi nawa.

Daga nan ne ƙa'idodin da a ke gargaɗin mai koyo da su suka fito. A jiƙa zane da ruwa tukuna, a wanke sitacin da ke jikinsa, in ba haka ba rinin ya yi dabbare-dabbare. A tsoma shi a hankali ba tare da fantsama ba, domin yawan kaɗa ruwa yana shigar da iska ya raunana ramin. A riƙa juya shi da hannu a ƙarƙashin ruwa, a fito da shi a matse, a warware ya sha iska, sa'an nan a mayar. Baƙi mai kyau ba ya samuwa da tsomawa ɗaya mai tsawo, sai da tsomawa da yawa, kowace da shan iskarta. Mai gaggawa ya kan bar zane ya daɗe a ciki yana tsammanin ya rage wa kansa aiki, ranar wanki na farko kuwa sai mai zane ya dawo masa da ƙara. Wanda ke son zane mai ado kuma, sai ya ƙulle wuraren da ya ke so su zauna fari da zare, ya ɗaure tamau, kuma ya fara gwadawa a tsohon ƙyalle na auduga, don yadin roba na zamani ba ya kama baba.

Bayan rini sai bugu, shi kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Masu bugu su kan zauna a gaban wani gungumen itace mai santsi, su ninke zane a kai, su yayyafa ruwa, su yi ta dukansa da manyan tabarai na itace, sautin yana tashi bi da bi kamar kiɗa. In turkuɗi ne sai a barbaɗa masa garin shuni a buga shi ya shiga, har ya yi ƙyalli kamar ƙarfe, a naɗe shi cikin takarda don kada ya dushe a hanya.

Sana'ar ta fara ja da baya ne daga nesa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, mai arha, wanda ba ya bukatar gona. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, ayarin raƙuma na Tarabulus ya mutu, yadin Turai ya cika kasuwa, manoma da yawa suka koma gyaɗa. Daga baya aka sami rinin zamani da a ke haɗawa da soda a cikin rabin duro, a gama shadda cikin sa'a guda, saboda haka samari suka ga ba dalilin jiran rami mako guda. Karofi dubbai a ƙauyukan Kano suka cike da ƙasa, waɗansu aka yi gini a kansu. A Ƙofar Mata akwai ramuka fiye da ɗari, amma kaɗan ne daga ciki a ke haɗa baba a cikinsu, masu aikin kuma yawancinsu 'ya'yan gidajen da suka gaji sana'ar ne.