Gadi da dubiya: tarihin sa ido kan gidan kason Yamai

Abin da ya jawo mu ga wannan ɗan bincike wata matsala ce ta fassara. Kalmar Faransanci « surveiller » tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda Hausa ba ta haɗa su cikin kalma guda. Akwai gadi, wato tsare mutum kada ya gudu. Akwai kuma dubiya, wato zuwa a ga halin da yake ciki, ko ya ci, ko ya sha, ko yana da lafiya. Bahaushe ba ya cewa ya je gadin marar lafiya, ba ya kuma cewa yana dubiyar ɓarawo. Muna ganin tarihin gidan kason Yamai, tun daga gininsa, tarihi ne na yadda ma'ana ta farko ta danne ta biyu.

Kalmomin kansu suna ba da shaida. Kafin zuwan Nasara, sarakunan ƙasar Hausa suna da yari, wanda ake danƙa ma masu laifi, daga nan aka sami « gidan yari ». A kudancin iyaka « fursuna » ta shigo daga Ingilishi. Mu kuwa a Nijar « kaso » muka samu, daga « cachot ». Abin lura shi ne, ba sunan kurkuku baki ɗaya muka ara ba, sai sunan ɗan ƙuƙumin ɗakin horo, mai duhu, marar taga. Harshe yakan riƙe abin da jiki ya fi ji.

A zamanin dokar « indigénat », kwamandan yana da ikon kulle talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba, kodayake daga baya an rage adadin. Shi ne mai kamawa, shi ne mai hukuntawa, shi ne kuma mai amfana da ƴan kaso, domin su ne ke sharar gari, da ɗebo ruwa, da aikin hanya. Takardun mulkin mallaka na Afirka ta Yamma sun tanadi abin da suka kira « commission de surveillance », kwamitin da ya kamata ya leƙa kurkuku ya duba abinci da tsabta. Amma membobinsa ma'aikatan gwamnatin ce da ta yi kullen. Ke nan mai gadi ne aka ce ya yi dubiya. An soke « indigénat » da aikin tilas a 1946. Shekara guda bayan haka, a 1947, aka gina gidan kason farar hula na Yamai, wanda aka shirya ma mutanen da ba su kai 500 ba. A cikin shekarun baya-bayan nan yawan waɗanda ke ciki ya zarce 1000, kuma da yawansu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke.

Samun mulkin kai a 1960 bai canza wannan tsari ba sosai, kuma ba za mu daɗe a kansa ba. A ƙarƙashin jam'iyya ɗaya ta Diori Hamani, musamman bayan tayar da ƙayar bayan Sawaba a 1964, da kuma zamanin mulkin soja na Seyni Kountché daga 1974, babu wata ƙungiya mai zaman kanta da ke da izinin tambayar abin da ake yi bayan katanga. Dubiyar gaskiya dangi ne ke yin ta: matar da ke kawo kwanon tuwo bakin ƙofa ita ce ke sanin ko mijinta ya rame. Wani gadon kuma da ya daɗe shi ne rabuwar iko. Gidajen kaso suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, amma masu riƙe da makulli dakarun « garde » ne, waɗanda aka horar domin tsaro, kuma shugabanninsu na ma'aikatar cikin gida ne.

Ido na waje ya fara shiga ne a 1991, shekarar babban taron ƙasa, wadda a cikinta aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH. Jaridu masu zaman kansu suka fara rubuta abin da a da sai a raɗa. A nahiyar ma iska ta kaɗa: a 1996 aka fitar da sanarwar Kampala kan halin gidajen kurkuku a Afirka, hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka kuma ta ƙirƙiro muƙamin mai bincike na musamman a kansu. A 1998 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa.

Duk wannan bai hana abin da ya faru ba a farkon watan Satumba na 1999, lokacin riƙon ƙwarya na Daouda Malam Wanké. An cusa ƴan kaso masu yawa cikin ɗaki guda matsattse wanda iska ba ta shiga, aka rufe. Mutum 29 suka rasu saboda rashin numfashi. A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin wannan dare ya nuna bambancin ma'anonin nan biyu fiye da kowace ƙamus. Ta fuskar gadi, aiki ya cika: ƙofa a kulle take, ba wanda ya tsere. Mutanen ba a daji suka mutu ba, a tsakiyar babban birni ne, hannun hukuma, taku kaɗan daga masu tsaronsu. Abin da aka rasa shi ne mutum guda wanda aikinsa shi ne ya buɗe ya duba, wanda kuma yake da ikon yin haka ba sai ya roƙi mai makulli ba. Ga shi kuma ɗakin da suka mutu a ciki shi ne ainihin « cachot » ɗin da ya ba mu kalmar kaso.

Ran 3 ga Satumba 1999 aka sa hannu kan doka mai lamba 99-368, wadda ta tsara tafiyar da gidajen kaso. A ganinmu, doka irin wannan ba a rubuta ta cikin kwana biyu. Mai yiwuwa tana kwance ne a ofis, sai gawawwaki suka tashe ta.

Shekarun da suka biyo baya sun kawo ci gaba, aƙalla a takarda. A 2014 Nijar ta amince da ƙarin yarjejeniyar hana azabtarwa, wadda sabon abin da ta zo da shi shi ne ziyara a kai a kai, daga masu bincike da ba sa ƙarƙashin gwamnati, da damar ganawa da ɗan kaso ba tare da mai gadi yana saurare ba. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun zo Nijar a farkon 2017, shekarar da aka yi sabuwar dokar gidajen kaso. A 2020 aka ɗora ma hukumar ƙasa ta haƙƙin ɗan Adam, CNDH, nauyin wannan ziyara. Ta haka dubiya ta sami mazauni nata cikin doka, dabam da gadi.

Mazaunin bai yi ƙarko ba. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da tsarin mulkin 2010 da hukumomin da suka dogara da shi, har da CNDH. A ƙarshen watan Mayu na 2024 ministan shari'a ya aika da takarda yana dakatar da ziyarar ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a dukan gidajen kason ƙasar, daga na Yamai har na Kollo da na Kutukale. Takardar ba ta ambaci ranar ɗage hanin ba. Ta ce sai an ji sabon umurni.